Dubarar wannan wata: yadda tayar keke za ta daɗe mana

 Yau zancen keke za mu yi. Kada wata ta ce wannan ai na maza ne. Keken da ke jingine a zaure shi ke kai ɗiyarmu lakkol a garin da ke gaba, shi ke kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwa, shi ake hawa a sayo magani da dare. Ranar da taya ta fashe kuma, ba wanda ake dubawa sai mu: «Inna, a ba ni kuɗin faci.» In babu, yarinya ta kwana biyu ba ta je aji ba, ko a taɓa jarin sana'a. To tunda daga lalitarmu kuɗin ke fita, ya kamata mu san abin da ke kashe taya.

Da yawan kekunan hannu da ake kawowa daga waje siraran tayoyi gare su, don kwalta aka yi su. Mu kuwa hanyarmu rairayi ce da tsakuwa da ƙaya. Duk da haka, sakaci ya fi hanya cin taya.

Abu na farko shi ne iska. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi, gefenta ya yi ta tsagewa. In aka hau dutse ko aka faɗa rami, ƙarfen ƙafar sai ya matse robar ciki, wadda ke riƙe iska, ya yi mata huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. In mai faci ya nuna mana irin wannan huda, mu san ba ƙaya ba ce, rashin iska ne. Siririyar taya ta fi mai faɗi saurin rage iska, ko ba ta huje ba. Mu koya wa yara su danna ta da babban yatsa kowace safiya kafin su hau. In ta lotsa, a ƙara. Famfo ɗaya ya ishi gidaje da yawa, ƙungiya na iya saye ta ajiye wajen ma'aji.

Na biyu, ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da fasasshiyar kwalba ba kullum suke huda nan take ba. Sukan maƙale a fatar taya, kowane juyi yana ƙara tura su ciki har su iske robar ciki. In yaro ya dawo da marece, ya juya ƙafar a hankali, ya cire abin da ya gani da tsinke ko allura. Aikin minti biyu ne. Haka kuma in an je faci, a tsaya a ga mai facin ya shafa cikin tayar da yatsa ya fitar da ƙayar kafin ya mayar da robar. In ba haka ba, gobe ma sai an koma, an biya sau biyu don ƙaya ɗaya.

Na uku, rana. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da roba har ta yi faso kamar dunduniya da hunturu. A jingine keke a inuwa, nesa da murhu. Kada a bar fetur ko kananzir ko baƙin mai su zuba a kan taya, suna cin roba. Keken da za a ajiye tsawon hutu, a bar shi da iska, ko a rataye shi, kada ya zauna wata uku a kan saɓaɓɓiyar taya.

Sai hawa. Yaro ya taho da gudu ya damƙe birkin baya, taya ta ja ƙasa, ƙura ta tashi, abokai su yi shewa. Wurin da ya gogu ya tafi ke nan, ba ya dawowa. A duba robar birki ma: ƙarfen ƙafa ya kamata ta kama, in ta karkace tana gugar gefen taya, za ta yanka ta. Jarka biyu na ruwa da ƙato a kan siririyar taya kuwa, zalunci ne.

Ga dubarar da ta fi kawo rangwame. Tayar baya ta fi ta gaba saurin cinyewa, don ita ke ɗauke da yawancin nauyi, ita ce kuma ke tura keken. Wasu sai su ce a musanya, a kai tsohuwar gaba. A'a! In ta baya ta fashe, mai keke yakan iya tsayawa lafiya. In ta gaba ce, kan keken ke ƙwacewa, sai faɗuwa. Abin yi shi ne, in ta baya ta ƙare, a mayar da ta gaba baya, a sa sabuwar a gaba. Ta haka taya ɗaya ake saye kowane lokaci, kowace ta ci zamaninta har ƙarshe, mai kyau kuma kullum tana gaba.

In taya ta ɗan tsage amma sauran jikinta da ƙarfi, ba a yar da ita ba tukuna. A yanko gefen wata tsohuwar taya, ko a ninka ƙyallen buhun roba, a shimfiɗa daga ciki a kan tsagar, tsakanin taya da robar ciki, don kada robar ta leƙo ta fashe. Irin wannan ma wurinta baya.

Amma tattali yana da iyaka. In zaren cikin taya ya fito fili, ko ta yi ƙulu a gefe, ko wayar bakinta ta bayyana, ko kuma tana hujewa kowane mako ba dalili, to ta gama aiki. Mu lissafa kuɗin facin wata biyu, mu gwada da kuɗin sabuwa, mu ƙara da na likita in yarinya ta faɗi a kan kwalta. In za a saya, a karanta lambar da ke rubuce a gefen tsohuwar, kamar 26 ko 28 ko 700, ko a tafi da ita kasuwa, don ba kowace ke shiga kowane keke ba. A tambayi mai gyara ko keken zai karɓi wadda ta ɗan fi faɗi. Ta fi jure hanyarmu. Tsohuwar robar ciki kuma a yanka ta, ta yi mana igiyar ɗaurin kaya.

Maganar ƙarshe ta asusu ce. Taya ba ta mutuwa ba sallama, watanni take yi tana nuna alama. Saboda haka bai kamata mu ci bashin ƙungiya mai riba don ita ba. Bashi na sana'ar da za ta biya kanta ne. Wadda ke ware dala 20 kowane mako, a shekara tana da jika 5 da dala 40. Ta tambayi kuɗin taya a kasuwarsu, ta ga ko ta rage ko ta ƙara. A taron wannan mako, kowace mai keke a gida ta duba tayoyinsa kafin ta zo, ta faɗa mana abin da ta gani.

Allah ya tsare mana yaranmu a kan hanya, ya sa albarka a asusunmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.