Abin Da Sabo Ta Koya Mini Game Da Wasiƙar Ibraniyawa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata al'ada tamu wadda na ke so mu bari. Kadan aka ba mu Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sai mu haddace sura ta 11 mai zancen bangaskiya domin jarrabawa, mu tsallake sura ta 7 har zuwa ta 10, mu ce firistoci da hadayu al'amarin Yahudawa ne, ba ruwanmu. Ni ma haka na yi tun ina makarantar mishan. Yanzu kuwa na ga kuskure ne, gama nan ne zuciyar wasiƙar ta ke.

Ga abin da aka sani. Wasiƙar tana da sura 13, da Helenanci aka rubuta ta, mai rubutun kuwa bai faɗi sunansa ba. Waɗansu sun ce Bulus ne, Martin Luther ya zaci Afolos ne. Kilemen na Roma ya yi aiki da ita wajen shekara ta 96, watau ta riga wannan lokaci. Waɗanda aka aika wa ita masu bi ne da suka san Attaura sarai. An ƙwace dukiyarsu, an ɗaure waɗansunsu, har sun fara tunanin komawa baya. Abin da ya ke damunsu shi ne: mun bar haikali da babban firist, to, wa zai tsaya mana gaban Allah?

Wannan tambaya ban gane nauyinta a aji ba, sai a Sabo. Unguwar nan da ke kusa da Mokola an kafa ta a 1916 domin Hausawa baƙi, fataken goro da shanu. Wata Asabar na je cin tuwo, na zauna wurin wani dattijo wanda ya yi dillancin shanu a ƙuruciyarsa. Na ce, "Baba, yaya mutum zai kawo shanu tun daga Arewa, ya ba mahaucin da bai taɓa gani ba bashi, ya kwana lafiya?" Ya yi dariya, ya ce, "Yaro, ai ba mahauci ya amince wa ba, mai gidansa ya amince wa. Mai gida ne ya sauke shi, ya ci da shi, ya tsaya lamuni. In mahauci ya gudu, mai gida ke biya. Amma sai mai gidan da ya san Bahaushe, ya kuma san Bayarabe."

Da na komo na buɗe sura ta 7, sai ga shi a aya ta 22 an kira Yesu mai lamunin alkawari mafi kyau. Sura ta 2 da ta 4 kuma sun nace a kan ya zama kamar 'yan'uwansa, ya sha gwaji irin namu. Watau mai tsayawa tsakani sai ya san gefen nan biyu, kuma shi ke ɗaukar hasara. Lalle gani ya kori ji.

Wani zai ce kwatanta al'amarin Allah da cinikin shanu raini ne. Na yarda misali ba ya kai wa ƙarshe: mai gida yana samun la'ada, Almasihu kuwa ransa ya bayar. Amma mai wasiƙar kansa da abin da mutanensa suka sani ya yi musu bayani, alfarwa, da jinin awaki, da Ranar Kafara wadda babban firist ke shiga wuri mafi tsarki sau ɗaya a shekara. Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, in ba mu iya haka ba, haddar aku za mu koya musu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na fari, kada mu karanta sura ta 9 sai mun fara karanta sura ta 16 ta Littafin Firistoci. Na biyu, mu riƙa karanta ta da Hausa tare da Turanci. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, bisa wahalar su Likita Miller, kalma kamar lamuni kuwa ta fi shiga kunnenmu. Na uku, kada wasiƙar ta zama mana sandar dukan Yahudawa ko maƙwabtanmu Musulmi. Dattijon nan Musulmi ne, ya san ni Kirista ne, duk da haka ya hana ni biyan kuɗin tuwo domin ni baƙo ne. Sura ta 13 ta umurce mu da karɓar baƙi, ga shi a gidansa na ga ana yi.

Allah ya ba mu fahimta, amin.