Ba A Koyon Zama Da Mutane Ta Cikin Waya

Ya ku 'yan uwana ɗalibai, akwai wata sabuwar haja da aka shigo mana da ita kasuwar ilmi, na kuma ga da yawanmu sun miƙa hannu tun ba su taya ba. Sunanta horon sanin makamar aiki ta intanet. Watau ɗalibin da ke karatun mulki, ko zamantakewa, ko tafiyar da kasuwanci, ya zauna a ɗakinsa a Dutsin-Ma, wani kamfani na Legas ko Landan ya riƙa aiko masa da aiki ta waya, bayan 'yan makonni a turo masa takardar shaida wai ya san dangantakar ma'aikata da yadda ake sauya tsarin ma'aikatu. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma mu za a bari riƙe da igiya.

Ba jita-jita nake kawo muku ba, na ɗanɗana. A hutun bara na yi makonni shida ina irin wannan horo da wani kamfani. Aka ba ni labarin wata ma'aikata ta ƙage, aka ce in tsara yadda za a haɗe sassanta biyu ba tare da rigima ba. Ma'aikatan wannan wuri ba su da dangi, ba a yi musu rasuwa, ba wanda ya girmi wani, ba wanda ake bi bashi. Na rubuta shafi huɗu, aka yaba mini, aka ba ni takarda mai ado. Da na nuna wa wani kawuna, tsohon akawu, sai ya tambaye ni: "To ɗana, cikin shugabannin sassan nan biyu, wa zai bar wa wani kujerarsa, kuma wa zai je ya faɗa masa?" Na yi shiru, domin ba a koya mini wannan ba.

Abin dariya ma shi ne, shi kansa ilmin da ake sayar mana ya ƙaryata masu sayarwar. Daga ina aka samo shi? Daga binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago a Amurka, tsakanin 1924 da 1932, wanda sunan Elton Mayo ya shahara da shi. A kashin ƙarshe na binciken, an sa mutum ya zauna ɗaki guda da ma'aikata 14 wata da watanni yana kallonsu. Sai ya gano cewa ko da yake ana biya gwargwadon yawan aikin da aka yi, ma'aikatan sun yanke wa kansu iyakar abin da za su yi a yini, wanda ya zarce kuwa sai su yi masa ba'a har ya dawo layi. Babu wannan doka a littafin kamfani, babu manajan da ya san yadda take aiki. Sai da aka zauna da mutane aka gan ta. To yaya za a ce ilmin da aka haifa ta hanyar zama da mutane, yanzu za a koye shi ba tare da an zauna da kowa ba?

Ku kuwa 'yan uwa matasan ma'aikata da ke karanta wannan, kun fi ni sani. Wanda ya yi wata guda a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, ta Kurfi ce ko ta Dutsin-Ma, zai koyi abin da babu shi a lacca. Zai ga cewa masinjan da ya shekara talatin a ofis ya fi sabon darakta sanin inda kowane fayil ya kwana. Zai ga cewa gaisuwar safe da zuwa ta'aziyya suna buɗe ƙofar da wasiƙa mai hatimi ba ta buɗewa, kuma yaro mai digiri in ya gyara wa dattijo kuskure a gaban jama'a, ko da gaskiyarsa, ya kashe shawararsa da bakinsa. Zai ga yadda aikin rigakafi ko rabon taki ke tafiya in an bi ta wajen hakimi da dagatai da masu unguwanni, da yadda yake cijewa in an tsallake su. Wace manhaja ce ta san matsayin Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, ko Maradin Katsina a Kurfi?

Tarihin aikin gwamnati a ƙasar nan cike yake da gyare-gyaren da suka yi kyau a takarda. Rahoton Udoji na 1974 ya kawo shawarwari masu yawa na sabunta yadda ake tafiyar da aiki, amma abin da jama'a suka riƙe sai ƙarin albashi. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara a 2007, malaman jami'a suka yi shekaru suna turje masa, har a watan Disamba na 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa. Ba kwamfuta kaɗai ce matsalar ba. Mutanen da za a sauya wa tsari ne ba a samu yardarsu ba. Yanzu kuma ana so a yaye mu da ƙwarewa a irin wannan makanta.

Na san abin da masu goyon baya za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce a 2020 annobar korona ta rufe makarantu da ofisoshi, intanet ce ta rage wa wasu asara. Za su ce hanyoyinmu ba lafiya, su tuna mana ɗalibai mata biyar na jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a watan Oktoba na 2023. Wane uba ne zai so 'yarsa ta riƙa zirga-zirga? Gaskiya ne. Na kuma yarda cewa mai koyon rubuta manhaja ko lissafin kuɗi zai iya amfana daga nesa, domin aikinsa da na'ura yake.

Amma masu wannan hujja sun manta da abu guda. Wannan rashin tsaro shi ne ya sa a watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni ba waya. A ina ɗalibin da ke horon intanet zai sa kansa a lokacin? Ko da akwai sabis, a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ɗan mai kuɗi yana da kwamfuta da sola a gida. Ɗan manomi daga bakin dam ɗin Zobe sai ya biya mai caji, ya zaɓi tsakanin data da abincin rana. Sa'an nan shi ɗan mai kuɗin, babansa zai sama masa gurbi a ofis na gaske a Abuja, ya haɗa biyu. Ɗan talaka ne kaɗai za a sallama da takarda.

Tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin SIWES domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama, sai dai an fi karkata shi ga masu kimiyya da injiniya da noma. Mu masu karatun mutane an bar mu a baya, shi ya sa 'yan kasuwa suka samu ƙofa. Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta kai wa hukumar jami'a buƙata a rubuce, cewa a nema mana gurabe a sakatariyoyi da asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin manoma na Dutsin-Ma da Kurfi, inda ɗalibi zai je da safe ya dawo kafin la'asar. Kuma kada wani sashe ya karɓi takardar intanet a madadin wannan, sai dai a matsayin ƙari. A taron majalisar ɗalibai mai zuwa zan gabatar da wannan ƙuduri, ina kuma neman wanda zai mara mini baya.