Irin Shinkafa: A Daina Ɗora Wa Iska Laifi

Manoman fadamun Dutsin-Ma da Kurfi, da masu noman rani a gindin madatsar Zobe, suna da wani kuka da ba ya ƙarewa. Wai iri ya lalace, iska ta kwaso masa barbara daga gonar maƙwabci. Da gero ne ko masara, da sun yi gaskiya. Amma shinkafa ba haka take ba. Namiji da mace suna cikin fure guda. Furen yakan buɗe na ɗan lokaci da hantsi, ya barbari kansa, sa'an nan ya rufe. Abin da ke shigowa daga waje sau da yawa bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Masana sun bi diddigin wannan hali. A 2005 aka kammala taswirar gadon shinkafa, igiyoyi 12. A 2007 kuwa masanan Japan suka nuna ƙwayar gadon da ke sarrafa wasu 'yan gaɓoɓi biyu a gindin fure, waɗanda ke kumbura su tura ɓawo ya buɗe. In ƙwayar ta sauya, fure ba ya buɗewa sam, amma ya yi tsaba.

To, jama'a, ina amfanin wannan ga talaka? Amfaninsa shi ne, mai FARO 44 ta Badeggi yana iya ajiye irinsa shekara da shekaru. Mai gauraya masa iri yana kusa: masussuka, da tsohon buhu, da injin casa na haya, da shinkafar da ta zube bara ta tsiro bana. Maganin kuwa arha ne. A shiga gona kafin girbi a tuge duk wadda ta fita dabam, a yanki ta iri dabam, a sussuke ta dabam.

Sai dai a yi hattara da iri mai aure, wanda Yuan Longping na ƙasar Sin ya yi fice da shi cikin shekarun 1970. Da gangan ake hana uwarsa barbarar kanta. Yakan yi albarka shekarar farko, in aka sake shuka 'ya'yansa sai su rarrabu, wata doguwa, wata gajera. A ganinmu wajibi ne mai sayarwa ya rubuta wannan da Hausa a jikin buhu.

Malaman makaranta, wannan darasi ne na rabin sa'a da zangarniya guda a hannu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen aikin gona, ga kuma Kurfi nan kusa. A kai bayanin kasuwa kafin a fara yafa iri.