A Bar Mai Zane Ya Yamutsa Fuska

Jama'a, sau da yawa in aka nuna mana zanen mutum da ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko baki ya karkace, sai mu ce mai zanen bai iya ba. Mu dai a ganinmu wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

Ai mu ne muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mukan ce wane ya ɗaure fuska, wance ta saki fuska, maigida ya murtuke. Wa ya taɓa ganin igiyar da aka ɗaure fuskar da ita? Abin da bakinmu ke yi kullum, shi mai zane ke yi da fenti.

Alal misali, a 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. A 1960 Nwoko ya zana Turawan mulki zaune a gaba, fuskokinsu sun yi tsawo sun zube kamar an sa su a rana sun narke, baƙaƙen yaransu kuwa na tsaye a baya cikin duhu. Babu Baturen da ke da irin wannan haɓa. Amma gajiyar mulkin da ya zo ƙarshe, da fargabar masu shi, ga su nan ƙuru-ƙuru. Mai ɗaukar hoton gwamnati da ya ce su gyara zama su yi murmushi.

Haka Picasso, mutumin Sifen, ya yi a 1937 bayan an yi wa garin Guernica ruwan bom: ya zana mace tana kuka, fuskarta a farfashe kamar tasar tangaran, tana cizon hankici.

To, yau daga Bagudo har Lolo, bakin iyakar Jamhuriyar Binin, kowane saurayi na da wayar da ke goge masa ƙuraje ta haskaka fata. Wannan ma sauya kama ne, sai dai ba mu ji ana tsawata masa ba, don yana ɓoye damuwa.

Abin da ke damunmu shi ne yara. Yaro ya zana mahaifiyarsa da manyan idanu da baki a rufe gam, malami ya ja jan biro a kai ya ce a sake. Muna roƙon malamai da iyaye, kafin a yage takardar, a zaunar da yaron a tambaye shi abin da ke faruwa a gida.