Waya biyu, WhatsApp ɗaya: wa ke karanta saƙon Alhaji?

A Maraɗi ba abin mamaki ba ne ka ga ɗan kasuwa da salula uku: ɗaya da layin Airtel ko Moov, ɗaya da MTN saboda zirga-zirgar Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina, ta uku kuma tana zaune a shago. Tun watan Afrilun 2023 WhatsApp ya ba da damar amfani da lamba ɗaya a wayoyi daban-daban, har na'urori huɗu ban da uwar wayar. Jama'a sun karɓi abin hannu bibbiyu, musamman da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023. In cajin wannan ya ƙare, waccan na aiki.

Sai dai akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Da zarar an buɗe saƙo a waya ɗaya, sanarwarsa ta ɓace a sauran, wanda ya aiko kuma ya ga alamar shuɗi. A ce ɗa yana Abijan ya turo wa mahaifinsa lambar karɓar kuɗi. Yaron shago ya buɗe, ciniki ya ɗauke masa hankali. Alhaji yana Tibiri wajen ta'aziyya, ya duba wayarsa bai ga komai ba. Ɗan yana can yana jin haushin an gani an yi shiru, lambar kuɗin kuwa tana hannun wanda ba a aiko wa ba. Haka mai lambu a Jiratawa zai sanar da cewa an yanki zogale, a wayi gari kaya sun yi yaushi ba a zo ɗauka ba.

Masu ƙera manhajar sun ɗauka mutum ɗaya ne ke riƙe da na'urorinsa duka. A nan kuwa waya takan bi hannun yaro, ƙane da maƙwabci.

Don haka a ganina lambar shago daban, ta iyali daban. Mai waya ya riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa, ya cire wadda bai sani ba. Ya kuma tuna cewa in uwar wayar ta kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, sauran za su fita da kansu.

Ku kuma ƴan uwa da ke ƙetare, alamar shuɗi ba shaida ba ce cewa Baba ya karanta. In maganar kuɗi ce ko rashin lafiya, ku kira ku ji muryarsa.