Lita takwas a takarda, sha biyu a rairayi: wa ke biyan sauran?



Yau maganar mota zan yi. Na san wani zai ce ina ruwan mushe da kat-kat, shi da ko babur ɗin da yake hawa bashi ne. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, don man da motar nan take sha, a cikin azuzuwanmu ake biyan kuɗinsa.

Ƙanena direba ne, ya fi shekara goma yana bin hanyoyin daji. Bara wata ƙungiya mai kai littattafai da abincin rana a makarantun karkara ta danƙa masa sabuwar kat-kat mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, ko ledar kujeru ba a cire ba. Bayan wata biyu sai ga shi gidana bayan isha'i. Aka ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Can ya ce, "Yaya, wai ni ne ɓarawon mai." Mai riƙe da kuɗin ƙungiyar ya buɗe takardar da ta zo da motar, ya ga an rubuta lita 8 a kilomita 100. Ya duba takardun shan man ƙanena, ya ga abin ya tashi lita 12. Shi ke nan aka yanke hukunci: ya faɗi inda lita huɗu ke tafiya, ko a cire daga albashinsa.

Abin da nake so in faɗa a fili shi ne: duk wanda ya tsara kuɗin man motar daji bisa lambar da kamfani ya buga a takarda, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Mu fara da inda lambar ta fito. Ba a hanyar Dakoro aka auna ta ba, ba a ta Tanut ba. A cikin ɗaki ake ɗora mota bisa wasu ƙarafa masu juyawa, tayoyi na gudu, motar na wuri guda. Gwajin da Turai ta koma kansa tun 2017, mai suna WLTP, minti 30 ne, tafiyar kilomita 23 da ƴan kai, a ɗakin da aka daidaita zafinsa a digiri 23, na'urar sanyaya mota kuma a kashe. Babu rairayi, babu rami, babu gulbin da za a tsallake. Amfanin lambar shi ne a kwatanta wannan mota da waccan a kan ma'auni ɗaya. Ba alkawari ba ne. Mu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, mu ɗauki lambar ɗakin sanyi mu ce da ita za a hukunta mutum?

Yanzu a fito da motar daga ɗaki a sa ta a hanyarmu. Ana barin kwalta aka shiga rairayi, dole direba ya sa tayoyi huɗu su yi ja, ya koma ƙaramin giya, wani lokaci ya rage iskar taya don kada motar ta nutse. Inji na ihu, mota na rarrafe, kowace kilomita tana cin man da ya fi na kwalta nesa ba kusa ba. A bayanta ga buhunan shinkafa da wake, ga jarkokin mai, ga kwalayen littattafai, ga taya biyu na ko-ta-kwana. Kayan da aka tula har suka wuce rufin mota suna tare iska. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iskar inji tun kafin ranar da littafin kamfani ya ce a canza ta. Sabon inji ma kansa yakan ɗan fi sha a kilomita dubun farko, kafin ƙarafansa su saba da juna. Wanne daga cikin waɗannan direba ya ƙirƙiro?

Ku duba abin da bambancin ke nufi. Tankin Hilux lita 80 yake ci. A lissafin takarda kilomita 1,000 ke nan, wato daga Yamai har Damagaram da saura. A lissafin lita 12 kuwa kilomita 660 ne da ɗan ɗori, kamar nisan Yamai zuwa Maradi. Mota ɗaya, tanki ɗaya, amma sulusin hanya ya ɓace.

Nan ne maganar ta shigo gidanmu. A ce zagayen makarantu na wata guda kilomita 1,500 ne. Mai lissafi ya ware lita 120, tunda takarda ta ce 8. A ƙasa kuwa lita 120 kilomita 1,000 kawai za su kai. Saura 500 fa? Ba makarantar bakin kwalta za a tsallake ba, don ita kowa na ganinta. Ta can ƙarshen hanya za a bari, mai ajin zana, mai malami ɗaya da aji uku. Ita ce za a ce wa "sai wata mai zuwa, babu mai". Na yi shekara huɗu ina koyarwa a irin wannan makaranta a arewacin jihar Maradi. Na san yadda yara ke raguwa ranar da tukunyar rana ta daina hawa murhu. Na san yadda sabon malami ke shekara guda ba wanda ya zo ya zauna bayan ajinsa ya gyara masa kuskure. Duk a bakin kalma biyu: babu mai.

Nawa ne kuɗin da ake hana yaran nan saboda shi? Gazuwal ya tashi daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agustan 2022, aka rage shi zuwa 618 a watan Yulin 2024. A wannan farashi, lita 60 da suka rage a cika zagayen jika 37 ne da ƴan canji. An iya sayen motar miliyoyi, an kasa ware jika 37 don ta kai inda aka saye ta domin ta kai. An sayi doki, an ƙi sayen harawa. Kuma a ƙasar da ke tace manta a matatar Damagaram tun 2011.

Akwai wata ɓarna kuma da ba ta shiga takardar kowa. Wa bai taɓa ganin kat-kat a ƙofar gidan biki ko bakin ofis ba, inji na aiki, gilashi a rufe, ana sanyaya kujerar maigida kafin ya fito? Injin irin wannan girma, a tsaye da sanyi a kunne, yana iya shanye kusan lita guda a awa, alhali ma'aunin kilomita bai motsa ba. Wa bai ga motar aiki ta kai uwargida kasuwa, ta ɗauko yara daga makarantar kuɗi, ta kai taki gona ranar Lahadi ba? Gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, tsaya nan tashi can, sun fi doguwar hanya cin mai. A kan kwalta kuma maigida ne ke cewa a taka don ya makara, alhali in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa huɗu take yi. Mai tafiya 120 ba zai sha daidai da mai tafiya 90 ba. Ƙarshen wata kuwa direba ake kira ya yi bayani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce mini, "Malam, ƙanenka kake karewa, ai direbobi na zuƙe mai." Gaskiya ne, akwai masu yi. Akwai mai haɗa baki da ɗan gidan mai a rubuta lita 60 an zuba 50. Akwai mai sayar da na gidan mai ya cika tanki da na jarka a bakin hanya, alhali injunan yanzu ba sa jure ruwa ko datti a cikin gazuwal, gyaransu kuma ya fi abin da aka sata tsada. Akwai mai mantawa da tayoyi huɗu a haɗe bayan ya hau kwalta, ko ya bar taya ba iska tun daga daji har gari. Ban wanke kowa ba. Amma lambar takarda ba ta kama ɓarawo. Ita fa kowa ɓarawo take maida shi, mai gaskiya da maƙaryaci, tunda babu wanda zai iya kai ta. In an san kowa zai wuce 8, ɓarawon gaske ya samu inuwar fakewa. Ma'auni na gaskiya ne kaɗai ke raba su.

Za a kuma ce ai sabuwar mota tana nuna shan manta da kanta a gaban direba. Tana nunawa, amma kiyasi ne na kwamfuta, sau da yawa kuma yakan yi ƙasa da abin da aka sha. Abin da famfo ya zuba shi ne shaida.

Ga yadda ake aunawa, kuma ɗan ajin CM2 zai iya. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita. A yi tafiya. A dawo a sake cikawa haka nan, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lamba. A ninka lita da 100, a raba da kilomitar da aka yi. In lita 54 ta shiga bayan kilomita 450, amsa 12 ce. A maimaita sau uku ko huɗu, a ware lissafin kwalta dabam, na burji dabam, na rairayi dabam, na damina dabam. Kuɗin aikin duka bai wuce na littafin rubutu ɗaya da biro ba.

Haka muka yi da ƙanena. Na ce ya roƙi mai riƙe da kuɗin ya shiga motar su yi zagaye ɗaya tare, shi da kansa ya riƙe biro. Ya ƙi sau biyu, a na uku ya yarda. Da suka kafe a rairayi ya sauko ya tura da hannunsa. A kan kwalta abin ya tsaya kusa da lita 9, a daji ya haura 13. Ba a taɓa albashin ƙanena ba, alhamdu lillahi. Amma ba wanda ya ba shi haƙuri, kuma kuɗin man shekara bai canza ba, wai an riga an sa hannu a Yamai. Ke nan makarantun ƙarshen hanya suna nan suna jira. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Iyaye, ku da ke cikin kwamitin makaranta, COGES ko ƙungiyar iyayen yara, kuna da haƙƙin tambaya. Duk motar da aka saya da sunan ƴaƴanku, in aka ce muku babu mai, ku tambaya cikin ladabi: lita nawa aka ware mata a wata, bisa wane lissafi, kuma ina littafin tafiyarta? Ku nemi a rubuta kowace fita, ranar da wurin da kilomita da wanda ya aika. Mai gaskiya ba ya jin tsoron littafi. Ku kuma buɗe naku a makaranta, duk ranar da motar ta zo a rubuta, darakta da shugaban iyaye su sa hannu. Ƙarshen shekara a ɗora littafin biyu kusa da juna.

Mu kuma malamai, mu daina ba yara lissafin famfon da ke cika kwatami a ƙauyen da ba famfo. Mu rubuta musu wannan a allo: mota ta sha lita 54 a kilomita 450, takarda ta ce 8, makarantarmu ce ta ƙarshe a hanya. Su gaya mana ko za ta iso.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita.