Wane zamani ake yi wa kuka?

Tun daga 2021, da aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa na jami'o'in Amurka karɓar kuɗin talla, masu kewar jiya ba su daina jimami ba. Wai kuɗi sun ɓata wasa. Wai a da ɗalibi yakan fito daga aji, ya ajiye littafi, ya shiga fili don kishin makarantarsa kawai. Labari ne mai daɗin ji, sai dai tarihi ya ƙaryata shi.

Gasar farko tsakanin jami'o'in ƙasar tseren kwalekwale ce tsakanin Harvard da Yale a 1852. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta, ya biya wa samarin kuɗin tafiya da masauki, don 'yan kallo su cika masa taragai. Ke nan ɗan kasuwa ne ya yanke wa wasan cibiya.

Da ƙwallon Amurka ta kankama, wadda ake runguma a ruga ana bangazar juna, sai abin ya ƙazanta. A 1905 mujallar McClure's ta tona asirin James Hogan, kyaftin ɗin Yale: karatu kyauta, abinci kyauta, ɗaki na alfarma, hutun kwana goma a Kyuba, ga kamashon sigarin da kamfanin American Tobacco ke sayarwa. Ɗalibi ne fa, wanda aka ce don Allah yake wasa! A shekarar ce Harvard ta biya kocinta Bill Reid dala 7,000, abin da babu farfesan da ke ɗauka a jami'ar.

Jini kuwa ba a magana. Hular kwano ba ta zama dole ba sai 1939. A kakar 1905 kaɗai jaridar Chicago Tribune ta ƙirga gawa 18, har da 'yan sakandare. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne, jami'ar Columbia kuma ta soke wasan baki ɗaya. Daga wannan tashin hankali aka kafa ƙungiyar kula da wasannin jami'o'i, wadda ta koma NCAA a 1910. Ba ta hana komai ba: binciken Gidauniyar Carnegie na 1929 ya duba makarantu 112, 28 kawai ya samu ba sa tallafa wa 'yan wasa ta bayan fage.

Masu kewar nan kan manta su waye aka bari a waje. A 1923 Jack Trice, baƙar fata na farko a ƙungiyar Iowa State, ya mutu bayan an tattake shi a wasa da Minnesota. A 1940 Jami'ar New York ta bar ɗan wasanta Leonard Bates a gida saboda Missouri ba ta karawa da baƙar fata, daga baya kuma ta dakatar da ɗalibai bakwai da suka jagoranci bore kan irin wannan wariya. Rayuwar ɗaliban da ake yabo ke nan.

Ana iya jayayya kan yadda za a raba kuɗin yau, kuma akwai wuraren gyara. Amma kuɗin ba baƙi ba ne. Koci ya ci, jami'a ta ci, gidan talabijin ya ci, mai karya ƙashinsa ne kaɗai aka ce karɓa abin kunya ne. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun kusan dala biliyan 2.8 tsakanin NCAA da 'yan wasa, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 a shekara. Ray Dennison kuwa, da ya mutu a 1955 sakamakon bugu a ka yana yi wa kwalejin Fort Lewis wasa, matarsa ta nemi diyya, kotun ƙolin Colorado ta ce mijinta ba ma'aikaci ba ne, ta tafi hannu rabbana.